Gumakan Yaya Timau da Bishiyar Cibiya

Yayana Timau ya yi shekara arba'in da ɗaya yana tuƙa motar ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa ta Papeete, bai taɓa fasa wa kowa ko kwalin sabulu ba. Wannan kam kowa ya shaide shi. Sai da ya ajiye aiki, matarsa ta rasu, ya tattaro ya dawo gida Hokatu da furfura da tumbi, sannan ya gano wai ashe shi masassaƙi ne. Tun daga ranar ban sake cin abincin da babu garin katako a ciki ba.

Ni ce ƙanwarsa, Vaeoho. Shekara bakwai ya ba ni. Ina da shekara tara innarmu ta mutu, shekara na zagayowa shi kuma ya hau jirgin da ke kwasar busasshiyar kwakwa ya tafi. Ya fara da dako, ya koyi tuƙi, ya auri wata doguwar mata 'yar Tahiti mai yawan dariya, suka haifi 'ya ɗaya da yanzu take Faransa. A shekara hamsin sau huɗu ya leƙo mu. Duk ƙarshen shekara yakan aiko da kati mai hoton furanni da gwangwanin biskit. Ni ce na zauna. Ni na yi jinyar babanmu har na rufe masa ido, ni na binne mijina, ni na sake wa gidan nan rufi sau biyu. Ba gori nake yi ba, amma a san da haka.

A bayan gidanmu akwai bishiyar mei guda biyu, mai manyan 'ya'yan nan da muke dafawa mu kirɓa, su ne abincinmu. Yadda mutanen da suke yi, ranar da aka haifi yaro ake binne mabiyiyarsa a dasa masa mei a kai, duk abin da bishiyar ta haifa nasa ne har ya koma ga Allah. Babanmu kuma yana da nasa ƙarin. Idan guntun cibiyar jariri ya bushe ya faɗi, sai ya sa shi a 'yar kwalba, namiji ya haɗa masa da ƙugiyar kifi ta ƙashi, mace da jajayen tsakiya, ya haƙa rami a gindin bishiyar ta ɓangaren teku ya binne, ya ɗora faffaɗan dutse a kai.

Ɗaya bishiyar doguwa ce miƙaƙƙiya, mutum biyu ba sa rungume ta, tana haihuwa har rassanta su nemi sanda. Ita ce tawa. Ban taɓa tambayar kowa ba, haka na tashi na sani. A gindinta na yi kukan innarmu, a inuwarta na yaye 'ya'yana uku, da 'ya'yanta nake kirɓa popoi, tuwonmu na mei, wanda ko Fadan cocinmu sai ya aiko a sammasa. Ɗayar kuwa gajera ce karkatacciya, ta sunkuya wajen teku kamar mai neman abin da ya faɗi, 'ya'yanta ƙanana, rabinsu tsutsa. Ta Timau ke nan. A jikinta nake ɗaure alade, wannan ya tafi tukunya wani ya maye gurbinsa, fiye da shekara ashirin. Can nake watsa ruwan wanke kifi da sauran abincin da ya lalace. In na ɗaga bokiti nakan ce, “Karɓi, ɗan Papeete.” Ban ga laifi a ciki ba, mai ita ma bai damu da ita ba.

Ranar da ya sauka, ko ruwa bai sha ba ya zagaya bayan gida. Na bi shi da ƙoƙon ruwan kwakwa a hannu. Na tarar yana kewaya babbar bishiyar, yana bubbuga ta da tafin hannu yadda ake yi wa dokin da za a saya, yana ɗaga kai yana auna tsawonta da ido.

Na ce, “Yaya, lafiya?”

Ya ce, “Kai, ta yi jiki! Ko lanƙwasa babu. Ki duba daga nan zuwa nan, Vae.”

Na ce, “Na duba. Shekara sittin ina dubawa. Zo ka sha ruwa.”

Ban san dalilin wannan aune-aune ba sai da ya buɗe akwatinsa. Rabin kayan ciki ƙarafa ne: gizago sabo fil, wuƙaƙen sassaƙa jere a cikin fata, zarto, magagari, da guduma ta katako. Wai tun da matarsa ta rasu hannunsa ke ƙaiƙayi, kuma ya ga bai dace ɗan Hokatu ya mutu bai sassaƙa tiki, gunkin nan na kakanninmu, ko ɗaya ba.

A garinmu kusan kowane gida akwai masassaƙi, amma babban su duka shi ne Baba Kohu, wanda ya haura tamanin, kunne ɗaya ya mutu, baki kuwa yana nan da kaifinsa. Wurinsa Timau ya tafi da rigar Lahadi ya ce a koya masa. Baba Kohu ya juya hannayen Timau ya duba, ya ce ya fara da ludayi, in ya yi ludayi ɗari sai ya koma akushi.

Timau ya ce, “Haba Baba, shekaruna ba za su jira ludayi ba. Ni tiki nake so, babba, wanda zai kai ƙirjina.”

Baba Kohu ya ce, “To, Allah ya ba da sa'a. Sai dai ka zauna can nesa da ni, kada gizagonka ya tashi ya sami kunnen da ya rage mini.”

Itacen kirki yana da masu shi, babu wanda zai ba ɗan koyo. Don haka Timau ya koma tsintar gungumen da teku ta tofar. Kullum da safe zai ari doki ya bi gaɓa, ya jawo wani ruɓaɓɓen abu har tsakar gidana. Wanda bai taɓa jin warin gungumen da ya shekara a ruwan gishiri ba, ya gode wa Allah. In ya sara, sai dogayen tsutsotsi farare su zubo suna motsi, ruwa mai yauƙi ya biyo su, ƙarni ya cika gida har cikin labule. Kajina suka yi ta ci, ƙwansu ya koma warin bakin teku. Na daina soya shi.

Kowa ya san yadda tiki yake: manyan idanu zagayayyu, baki mai faɗi, gwiwa a lanƙwashe, hannu biyu a kan ciki. Yaron goye ma ya sani. Na farkon da Timau ya gama, ido ɗaya ya kai faranti, ɗayan bai wuce maɓalli ba. Bakin ya karkace kamar mai ciwon haƙori. Hannayen kuwa sun zame daga kan ciki sun gangara wurin da ba zan faɗa ba. Ya kafa shi a ƙofar gida. Matan da ke wucewa coci suka riƙa sa gefen zane suna toshe baki, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, “Yaya, don girman Allah ka juyar da abin nan ya kalli bango.”

Ya ce, “Ke ba ki san sassaƙa ba. Kakanninmu ma haka suke yi, ki je gidan tarihi ki gani.”

“Kakanninmu da sun ga wannan da sun jefa ka teku tare da shi.”

Ko a jikinsa. Ya yi na biyu, ya yi na biyar, ya yi na goma sha ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda yake jin daɗi. Tun da hantsi zai zauna ba riga, gumi na bin tumbinsa, ya ɗan fito da harshe gefe kamar yaro mai koyon rubutu, yana sara yana waƙa. Da ya ga farin itacen bai yi kama da tikin mutanen da ba, sai ya je wajen mai injin wutar gari ya roƙo baƙin mai a gwangwani ya shafe su. Suka koma baƙaƙe masu maiƙo, ƙuda da gashin kaza na mannewa a jikinsu. Ya ga sun yi wari, ya ɗauki man kwakwa mai ƙamshin fure da nake shafa wa gashina ya bi su da shi. Ƙamshi da ɗoyi suka haɗu, abin ya fi da muni. Wata rana gudumarsa ta karye, na dawo daga gona na same shi yana buga wuƙar sassaƙa da dutsen kirɓa popoi na innarmu, hannunsa baƙi ƙirin. Sau bakwai na wanke dutsen da toka da lemun tsami, har yau in na kirɓa sai in ji kamar ina cin inji.

Kuma ba ya sayarwa. Da yana sayarwa da na ce neman abinci ne. Shi wai sha'awa ce, don haka kyauta yake rabawa. Ba ka da ikon ƙi, dattijo ne ya ɗauko a kafaɗa har ƙofarka yana haki. Maƙwabciyarmu ta sa nata a bayan ɗakin girki ta rufe da buhu. Na Fada shi ne yake tokare ƙyauren awaki a bayan coci. Ranar da jirgin kaya ya zo da baƙi, masassaƙa suna jera aikinsu a rumfa, shi ma sai ya jera nasa daga can ƙarshe, wai dai a gani. Da idona na ga wata Baturiya ta sunkuya za ta ɗauki hoto, ta miƙe da sauri ta toshe hanci, ta duba ƙarƙashin takalminta.

Da yamma Timau ya je wa Baba Kohu da ƙorafi. Ina wurin, na kai wa tsohon kaguwa. Ya ce shi ya rasa gane abin da ke faruwa, a kansa yana ganin tiki sarai, amma in ya sara sai itacen ya bi wata hanya.

Baba Kohu yana gogar wani akushi, ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, “Yo itacen da ka tsinta a bola ina ya san ka da zai ji maganarka? Ubana tikinsa na farko daga bishiyar cibiyarsa ya fitar. Reshe ɗaya ya yanka, ya ce kamar hannunsa yake sassaƙawa.”

Na san tsohon ya faɗa ne kawai don ya rabu da shi. Amma na ga idon Timau ya yi wani haske, kuma na lura kalmar reshe ba ta shiga kunnensa ba. A hanyar gida na riga shi magana.

Na ce, “In taka kake so, ga ta can, sai in kwance alade. Ka sare ta har saiwa, ka huta in huta.”

Ya ce, “Wannan karkatacciyar? Me za a fitar a ciki, ƙugiyar rataye kaya? Ai ba ita ce tawa ba, Vae. Babbar ce tawa.”

Na tsaya cak a tsakiyar hanya. “Me ka ce?”

“Babbar tawa ce. Karkatacciyar taki. Ina nan aka dasa ta, ni na ɗebo ruwan da aka zuba mata.”

Na ce, “Lallai Papeete ta cinye maka ƙwaƙwalwa. Shekara hamsin ba ka nan, ko ganye ɗaya ba ka taɓa sharewa ba, yau don ka ga katako miƙaƙƙe shi ne ta zama taka? Ba ka ji kunya ba, Yaya? Da furfurarka?”

Ya ce, “To ai gaskiya ce.”

“Ka riƙe gaskiyarka. Ka taɓa bishiyar nan ka ga yadda ake yi.”

Daga ranar na zama mai gadi. Na daina zuwa kamun kaguwa, na daina zuwa gona mai nisa, coci ma a kujerar bakin ƙofa nake zama inda zan iya jin ƙarar inji. Na bi gida gida na gaya wa duk mai injin yankan itace cewa wanda ya ara wa Timau, ni da shi har abada. Suka yi ta dariya suna cewa to, Inna Vaeoho, mun ji. Shi kuwa bai sake tayar da maganar ba. Sai dai in ina shanya in hango shi tsaye yana kallon bishiyar, hannu a baya, yana motsa baki. Wata huɗu muka yi a haka, muna cin abinci a akushi ɗaya ba mai kallon wani.

Haƙori ne ya ci amanata. Turmin ƙasa na hagu ya ruɓe, kumatuna ya kumbura har ido ya rufe, na kasa haɗiye ko ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta ce wannan ya fi ƙarfinta, sai asibitin Taiohae a wani tsibirin. Na ce ba inda za ni. Ta ce to in zauna ruɓar ta shiga jini. Kafin in hau mota zuwa filin jirgi na kira Timau, da bakin da ba ya buɗuwa na ce, “Kwana uku zan yi. Ka ji tsoron Allah.” Ya ce in je in dawo lafiya, zai kula da kaji. Ban lura ba sai daga baya cewa kaji kawai ya ambata.

Kwana huɗu na yi. Tun daga kan tudu, kafin mota ta gangaro kwari, na ga sama ta yi yawa a bayan gidanmu. Wurin da ido ya saba cin karo da duhun ganye ya zama fili fetal. Direban ya kalle ni ya kau da kai, ya ƙara wa rediyo murya.

Lokacin 'ya'ya ne, saura mako uku su nuna. Sun fi ɗari biyu, duk suna ƙasa, wasu sun fashe, wasu rana ta dafa su sun fara zagwanyewa. Farin danƙon bishiyar ya malale ko'ina ya kama ƙasa da ganye da gashin kaji, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Aladun maƙwabta uku sun shigo suna ta watanda, sun yi kashi a kan dutsen da nake zama in kirɓa popoi. Tsami da ɗoyi suka bugi ramin haƙorin da aka cire mini, na dafa bango na yi amai har sai da na ga jini. A tsakiyar wannan ƙazanta ga yayana zaune a kan gungume, ya riga ya ɓare ɓawon, ya zana manyan idanu biyu da gawayi. Daga wani kwari ya aro injin, wurin mutanen da ban kai gare su ba.

Ya miƙe yana murmushi. “Sannu da hanya, Vae. Ya haƙorin? Ki zo ki taɓa ki ji, laushi kamar sabulu.”

Ban san lokacin da na ɗauki ruɓaɓɓen mei na jefe shi ba. Ya same shi a ƙirji ya tarwatse. Na ce masa abubuwan da sai da na kai su gaban Fada neman gafara daga baya. Mutane suka taru a bakin shinge, har da Baba Kohu da sandarsa.

Tsohon ya dubi gungumen ya dubi Timau ya yi tsaki. “Reshe na ce maka, kai jakin Papeete. Reshe! Kuma wa ya ce maka ana sare itace ɗanye da 'ya'ya a kai?”

Timau ya share ƙirjinsa ya ce, “Tawa ce dai, Baba. Mutum ba shi da iko da abinsa?”

Na ce, “Taka? To, za a gani. A kawo mini ƙarfen haƙa.”

Na gaya musu zancen kwalbar babanmu a gaban kowa. Na ce in aka tono aka ga jajayen tsakiya, Timau zai kwashe gumakansa da ƙarafansa ya bar mini gidan ubana, ya je ya kwana da su a bakin teku inda ya tsinto su. A hankali ya ce, “Vae, bar shi. Kada ki tona.” Na ɗauka tsoro ne ya kama shi, sai na ƙara ɗaga murya.

Yini biyu na yi ina haƙa ta ɓangaren teku. Maza suka ce su karɓe ni, na ƙi. Saiwoyin sun yi kaurin cinya, sun sarƙe, sai na sara da gatari sannan in zura ƙarfe. Hannuna ya yi bororo ya fashe, danƙo ya shiga ciki. Rana ta biyu da la'asar ƙarfen ya bugi dutse. Faffaɗa ne, saiwa ta rungume shi ta gefe biyu. Da na ɗaga, ga kwalbar a kwance, 'yar ƙarama mai ruwan ƙasa irin ta maganin tari, bakin a toshe da ƙaro. Mutane suka matso. Na goge ta da zanena na ɗaga ta wajen rana don kowa ya gani da kyau.

Ƙugiya ce. 'Yar ƙugiyar ƙashi, ta yi rawaya, da wani baƙin abu kamar busasshen zare a gefenta.

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Ɗaya bayan ɗaya suka tuna suna da aiki a gida. Baba Kohu ya dogara sandarsa ya bi su. Aka bar ni a cikin rami har ƙugu da kwalbar yayana a hannu.

Na ce, “Tun yaushe ka san na ɗauka tawa ce?”

Ya tsuguna a bakin ramin, gwiwoyinsa suna ƙara. “Tun ranar da aka binne Inna. Kin zo kin rungume ta kina kuka, kina cewa bishiyata, bishiyata. Na ce zan gaya miki, babanmu ya riƙe hannuna ya ce in bar ki.”

“Shekara hamsin da ɗaya, Yaya. Kati nawa ka aiko? Ba ka iya rubuta layi ɗaya ba?”

“To me zan rubuta? Kina jin daɗinta.”

“Da ka ga ina jin daɗinta, shi ne ka sare?”

Ya sosa ƙeya. Wallahi da gaskiyarsa ya ba ni amsa, ba da gatse ba. Ya ce, “Na ɗauka yanzu kin girma.”

Na miƙa masa kwalbarsa na fito daga ramin. Ban sake ce masa komai ba har mako ya zagayo.

Wata biyu ya yi a kan gungumen. Ya kai ƙirjinsa kamar yadda ya so, kuma ba zan yi ƙarya ba, wannan karon idanun sun zo daidai, hannayen ma sun zauna a kan ciki. Ya shafe shi da baƙin mansa ya kafa a tsakar gida. Kwana tara bayan nan, da tsakar rana, muka ji ƙara kamar an harba bindiga. Ɗanyen itacen ya sha rana ya tsage tun daga tsakar ka har cibiya, tsagar da hannu zai shiga. Kafin wata ya ƙare kyankyasai sun tare a ciki. Timau ya zagaya shi sau biyu ya ce ba laifi, na gaba zai fi. Yanzu ya koma bin gaɓa da doki, Baba Kohu kuma ya ce ko ludayi kada ya sake kawo masa.

Ni kuwa na daɗe ban iya kallon ɓangaren karkatacciyar bishiyar ba. In zan ba alade abinci sai in miƙa bokitin ina kallon gefe. Ran nan dai da safe na ɗaure zane na je na tsaya a gabanta na dube ta sosai. Igiya ta ci jikinta ta yi zobe mai zurfi, ɓawon ya goge ya yi santsi inda aladu suka shekara suna soshe-soshe. Gindinta ya nutse a cikin baƙin taɓo na kashi da ƙayar kifi da ruwan wanke-wanke, tsutsa na iyo a ciki. Ni na zuba duk wannan da hannuna, bokiti bayan bokiti, ina yi ina zagi. A sama, a reshen da ya fi sunkuyawa, ga 'ya'ya guda shida ƙanana sun fito duk da haka. Ƙyamar da na ji a ranar ta fi ta gungumen teku, ta fi ta baƙin mai, kuma babu wanda zan jefa da ruɓaɓɓen mei.

Na kwance aladen na ja shi tsakar gida na ɗaure a wuyan tikin Timau. Nan take ya juya ya fara soshe gindinsa a jikin gwiwar gunkin, yana gurnanin daɗi. Timau ya fito da kofin shayi a hannu, ya duba, ya buɗe baki. Na kalle shi. Ya koma ciki.

Na ɗauki shebur da kwando na fara kwashe taɓon. Kwando talatin da wani abu na kai bayan shinge. Da na kusa ƙasa ta gaskiya sai na ajiye shebur, don kada in ji wa saiwa ciwo, na ci gaba da hannu, ina kau da kai ina numfashi ta baki. Ta ɓangaren teku yatsuna suka taɓa abu mai faɗi. Na share shi. Dutsen babanmu ne, ya rine ya yi baƙi, warin ya shige shi.

Na ɗebo ruwa mai kyau daga rafi na wanke shi da toka da lemun tsami, na sake wankewa, na sake. Timau ya zo ya tsaya a bayana da ƙarfen haƙa, ya ce ko in matsa ya ɗaga mini dutsen in ga kwalbata da jajayen tsakiyar.

Na ce ya bar shi a rufe, cibiyata ta sha wari ya isa. Na karɓi bokitin na koma rafi.